Filin Bayan Gonar Dabino

Ku matso, jikokina, ku ara mini kunnuwanku, in na gama ku karɓi abinku. Wannan ba ta gizo ba ce, da idona na gani.

A unguwar Ƙurban, nan Madina, inda benayen nan suke tsaye yanzu, dā wani fili ne bayan gonar dabino, ƙasa mai gishiri, ko ciyawa ba ta fitowa. Samarin unguwarmu ne suka tsince duwatsunsa da hannu, suka kafa kututturen dabino biyu nan, biyu can, suka ce sun yi ƙungiyar ƙwallo. Ƙarama ce, irin ta unguwanni masu karawa da juna bayan la'asar. Wani lokaci su hau bayan motar kaya har Badar, su dawo da raunuka. Manyan ƙungiyoyin birni daga irin nan suke tsintar 'yan wasa, su ɗauki mai kyau su bar sauran.

Ni ce mai wanke musu riguna. Ɗan farina shi ne mai tsaron raga, gwiwar wandonsa kullum a yage, kullum ina ɗinki.

Wata shekara mai horar da babbar ƙungiya ya aiko cewa zai zo ran Asabar ya kalli wasa, zai ɗauki mai tsaron raga. Yaron nan tun ran Laraba abinci ya daina shigarsa.

Ran Juma'a sai ga baƙo daga Kano, baffan maigidana, tsoho tukuf, ƙafafunsa sun kumbura. Ayarinsu zai wuce Makka ran Lahadi. A al'adarmu, baƙon da ya zo daga gida, ɗan gida ne ke kai shi ziyara. Ba a ba da shi ga ɗan haya, abin kunya ne da za a kai labarinsa har Kano. Maigida kuwa bayansa ya riga ya mutu da dakon kaya.

Ya kira yaron ya ce, "Gobe za ka kai kakanka Ƙuba da Uhudu."

Yaron ya ce, "Baba, gobe ne mutumin zai zo."

"Wane mutum?"

"Na ƙwallo."

"Tsohon nan gonarsa ya sayar ya zo. Kai kana mini zancen tamaula?"

Na ce, "Malam, ko ɗan maƙwabta ya kai shi?"

Ya ce, "Ɗan maƙwabta jininsa ne?"

Yaron ya sunkuyar da kai, ya amsa da Larabci kamar yadda yakan yi in ransa ya ɓaci: "Hadir, ya abuya," wato "To, Baba."

Da hantsi suka fita, yana lissafin zai dawo kafin la'asar. Amma tsohon ba ya iya taka ƙasa, daga bakin mota goya shi ake yi. Ina jin tsohon daga ƙofa yana tsokanar yaron: "Jakin Madina ba ya sauri. Ko ba a ba ka dusa ba?" A Uhudu, in ji yaron, tsohon ya zauna gaban maƙabarta yana kuka, ya ƙi tashi. Wa zai ce wa mai kuka a wurin nan ya yi sauri?

Ana kiran magariba suka shigo. Ya sauke tsohon a tabarma, ya ba shi ruwa, ya ruga fili. Ba kowa. Na bi shi da rigarsa da na goge tun safe, na same shi tsaye tsakanin kututturen nan biyu. Bai karɓi rigar ba.

Ɗan wata unguwa aka ɗauka, cikin waɗanda suka zo karawa da su.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba bayan nan. Mai gonar dabinon ya sayar, aka zo da manyan motoci aka tumɓuke dabinon da ragar gaba ɗaya. Samarin suka watse neman aiki. Rigunan na yayyanka na yi tsummokaran goge-goge.

Tsohon ya rasu a Makka, bai koma Kano ba, mutane suka ce ya yi sa'a. Wanda aka ɗauka, mun riƙa jin sunansa a rediyo. Maigida har ya koma ga Allah bai ƙara ambaton ranar ba. Ɗana kuwa Yanbu ya tafi, ya sami aikin ban ruwa a wani filin ciyawa, inda 'ya'yan Turawa ke dukan wata 'yar ƙwallo da sanda. Ya ce in ta faɗo kusa da shi, da ƙafa yake tura musu, ba ya sa hannu.