Ranar da Mairam ta Ɗaga Hannunta

Kafin Mairam ta ɗora tukunya, sai ta miƙa wa mijinta Kolo ƙwayar maganinsa, ta tsaya a kansa har ya haɗiye. Murhunta ta kewaye shi da 'yar katanga, rijiyar gidan kuwa kullum a rufe. Mai farfaɗiya ba ya shiri da wuta, ba ya shiri da ruwa, ga shi Allah ya zaunar da su a ƙauyen fadama, can ƙasar Kirikasamma. Da ciwon ya raba Kolo da kamun kifi, ita ta nemo masa aikin gyaran raga a inuwa, don kada magidanci ya zama abin tausayi. Damina na ƙaratowa take tafiya asibiti a Haɗeja ta karɓo magani isasshe, don in ruwa ya yanke hanya babu mai kawo mata.

Waɗanda suka ga abin da ya faru shekarar babbar ambaliya suna nan da ransu. An taru a bakin ruwa za a kwashe mutane zuwa tudu, sai Tukur mai kwale-kwale ya tare hanya.

"Yaya Mairam, ke shigo, amma ban da shi. In ya faɗi a ciki, yawunsa ya taɓa mutane, wa zai ɗauki alhaki?"

Ana cikin haka ciwon ya tashi. Maza masu gemu suka watse, kowa na tattare rigarsa. Tsohuwa Hajo ta rugo da cokali za ta cusa masa a baki.

"Iya, mayar da cokalinki, haƙoransa za ki karya," in ji Mairam. Ta kwantar da shi ta gefe, ta tura gyalenta ƙarƙashin kansa, ta jira. Da ya lafa, ta share kumfar bakinsa da tafin hannunta, ta ɗaga hannun sama, kowa ya gani.

"Tukur, dubi nan. Tun kana yawo ba wando nake share wannan. Ka taɓa jin na faɗi?"

Aka yi dariya, irin ta wanda kunya ta kama. Tukur da kansa ya tallafi kafaɗun Kolo aka shigar da shi kwale-kwalen.

Mairam, ke ce katangar gidanki. Ke ce kika fasa zuwa bikin ƙanwarki a Kaugama don babu mai yarda ya zauna da Kolo, ba a kuma taɓa jin kin yi masa gori ba. Mun gode. Allah ya saka miki da Aljanna.

Ku kuwa masu ɓoye naku a ƙuryar ɗaki don gudun bakin mutane, ku ji kunya. Ku fito da shi, ku kai shi asibiti, ku je Mairam ta koya muku. In ya faɗi a gabanku, kada ku gudu. Ku durƙusa.