Majanyi a Ƙasan Jaka

An haifi ƙanwata ƙafafunta sun tsaya a gwiwa, ni kuwa tun ban gama wayo ba aka ɗora min ita. Da majanyin saƙi na kakarmu nake tamke ta a baya, mu tafi islamiyya, gidan biki, roron gyaɗa. A garinmu Toranke ba a kiran sunana sai an haɗa da nata. Duk tsohuwar da ta gan mu sai ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Inna ma tsokar da ta fi girma ni take ajiye wa. Bayana har kanta ya yi, amma da shi nake taƙama.

Sai wata ƙungiya ta kai ta asibiti a Kano. Aka daɗe ana gwaji, ta dawo da ƙafafun roba masu gwiwar da ke lanƙwasa kanta, har caji ake sa musu kamar waya. Gidanmu ya cika maƙil. Mata suna guɗa, ita tana zagaya tsakar gida tana yanga, ni kuma aka ce in kawo wa baƙi ruwa. Na yi murna, wallahi. Amma kishi ya ci ni, kishi da ƙarfe da roba, abin da ko gaisuwa bai iya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da damina aka aike mu Gafasa barkar haihuwar gwaggonmu. Na san kwarin da ke hanya yana cika in an yi ruwa, na kuma san abin caji ba ya shiri da ruwa. Na naɗe majanyin na cusa a ƙasan jaka, ban gaya wa kowa ba.

Muka iske ruwa ya kawo har ƙwauri, jawur da laka. Na zaro majanyin, na durƙusa a gabanta yadda na saba, ina danne murmushi. Na ce, "Hau."

Ta ce, "Haba Yaya, tashi kar ki ɓata zaninki. Likita ya ce ruwa ba ya yi musu komai."

Ta tattare zani ta shiga. Da ta kai tsakiya ta waiwayo, ta gan ni a durƙushe, majanyi a hannu. Ta dawo ta miƙo min hannu.

"Riƙe ni, Yaya, akwai santsi."

Na riƙe ta. A tsakiyar ruwan nan na lura ashe har tsayi an ƙera mata ya fi nawa.