Murɗin Bahago

Mahaifina ɗaurin rodi ne sana'arsa. Tsakanin Kankia da Kusada, da wuya a sami ginin da aka zuba wa kankare a zamaninsa ba da hannunsa ba. Ni kuma da na zama injiniya sai na koma ɗaure rodi a kwamfuta, inda ba ya yanke wa mutum yatsa.

A kwamfuta rodi layi ne siriri. Nakan raba shi gunduwa-gunduwa, in faɗi kaurin kowace da yadda take lanƙwasa, in binne su cikin kankare, sannan in ɗora nauyi in ga inda za a fara gazawa. Sau ɗaya na nuna wa Baba, wata Sallah da na je gida. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ina wayar ɗaurin? Mi ya riƙe su?" Na ce ai kwamfuta ɗauka take a riƙe suke. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce lallai ba a taɓa zuba kankare a gabanta ba.

Bayan rasuwarsa aka kawo mini aikin wani kwalbati a hanyar garin Ƙofa. Za a faɗaɗa hanyar, ana so a san ko zai ɗauki tirela ko a rushe shi. Na san kwalbatin. Baba ne ya ɗaure rodinsa, kuma ba mu taɓa wucewa a babur bai nuna shi da haɓa ba. Babu zane, babu takarda. Mutum ɗaya ya san abin da ke ciki, shi kuwa ya tafi.

Na yi ta cusa rodi a lissafin, har fiye da abin da hankali zai ɗauka, don so nake kwalbatin ya tsaya. Ya ƙi. Na sa hannu a rushe.

Na je ranar. Da aka fasa saman, rodin ya bayyana, kowace mahaɗa da wayarta, an murɗe ta hagu, don Baba bahago ne. Na tsuguna na gwada kwance ɗaya da yatsa, ko motsi ba ta yi ba. Kewarsa ta kama ni a wurin, ga mutane suna kallo. So nake ya sake tambayata mi ya riƙe su, don yanzu ina da amsa.