In Ka Gaji, Ka Dawo Mini da Shi

Mai-Ƙanƙara ake ce masa, ko da yake rabonsa da taɓa ƙanƙarar sayarwa an daɗe. Idan kana neman gidansa ba sai ka wahalar da kowa da tambaya ba. Ka bi layin da ke bayan gidan mai, ka kasa kunne. Inda ka ji kuka mai tsawo, ba haushi ba, kuka sosai kamar an yi rashi, to ka iso. Karnukan haski ne, irin na ƙasashen sanyi da aka halitta don jan kaya a kan ƙanƙara, masu gashi kamar bargo da idanu shuɗaye. Abin da ya haɗa su da wannan layi mai zafi da ƙarar janareto, Mai-Ƙanƙara ne kaɗai zai ba da amsa.

Farkon abin yana saurayi ne, yana aiki a kamfanin ƙanƙara, yana loda wa masu kifi da masu lemo. Wata rana wani mai babbar mota ya zo sayen ƙanƙarar biki da wata karya a baya, an aske ta ƙwal, fatarta duk ta ƙone da rana, harshe a waje. Ana buɗe ƙofa ta sulale ta je ta kwanta a bakin ɗakin sanyi, ta ƙi tashi. Aka ja, aka lallaɓa, ina! Mai motar ya share gumi ya ce, "Ni wallahi na gaji da ita. In kana so ka riƙe."

Kallon da Mai-Ƙanƙara ya yi wa mutumin nan a ranar, shi ne kallon da ya yi ta yi wa mutane har tsufansa. Ya riƙe karyar, ya sa mata suna Toka. Da gashinta ya dawo ya nemo mata namiji irinta, ta haihu, mutane suka yi caa a kan 'ya'yan. Kafin a ce me, ya ajiye aikin kamfani, ya zama mai kiwon haski.

Mutane kuwa, Allah ya shirye su, ido suke saya. Su ga ɗan kwikwiyo mai shuɗin ido, shi ke nan hankali ya tafi, sai ɗaukar hoto. Mai-Ƙanƙara ba ya ɓoye musu komai. Yakan ce, "Wannan ba karen gadi ba ne fa. Ɓarawo in ya shigo, rakiya zai yi masa har ɗaki. Zai haƙa rami, zai haura katanga, zai cika muku gida da gashi. Kada a aske shi, gashin nan shi ke tare masa zafi. Kuma dole ya yi gudu kullum, gudu na gaske, kafin rana ta ɗaga." Su yi ta gyaɗa kai, alhali ko ɗaya bai shiga ba. Sai ya miƙa igiya, ya rufe da maganar da kowa a layin ya haddace:

"In ka gaji, ka dawo mini da shi. Kada ka ɗaure shi a rana, kada ka yar a titi. Ƙofata a buɗe take."

Suna dawowa kuwa. Shekara na zagayowa, kwikwiyo ya zama ƙato, sai ga mota a ƙofar gida. Wannan ya ce matarsa atishawa take yi. Wancan ya ce mai gidan haya ya ba shi wa'adi. Wani kare ya cinye masa kujerar falo har katako. Mai-Ƙanƙara ba ya faɗa da kowa. Ya karɓi igiya, ya buɗe bakin kare ya duba dasashi, ya laluba kunne ko da kaska, ya ɗago ya yi wa mutum kallon nan. Sai mota ta tashi yake cewa, "Raggaye."

"Kai ne jarumi ai," in ji matarsa daga bakin kicin. "Ni kam gashin karen da na ci a gidan nan ya fi naman da na ci yawa."

Ba ƙarya ta yi ba. Lokacin zubar gashi, ko an taje karnukan a waje an cika buhu, sai ka tsinci sili a miya, a kan darduma, a aljihun rigar fita. Ɗaki mafi iska a gidan, mai tagogi biyu da fanka, na karnuka ne. Idan aka ɗauke wuta da tsakar rana, Mai-Ƙanƙara ba ya tambayar ko matarsa na jin zafi, guduwa yake ya nemo ƙanƙara ya zuba a bahon ruwansu. Ga rigakafi, ga maganin tsutsa, ga yanke farce, ga ba maƙwabta haƙuri. Haka 'ya'yansa biyu suka tashi, kuma kowannensu na yin aure ya nemi gidan bene a can wani gefen gari, inda ko kyanwa ba a yarda a ajiye ba.

Da ya ga masu dawowa sun fara fin masu tafiya yawa, da kansa ya kai matan karnukan wurin likitan dabbobi aka yi musu aiki, haihuwa ta tsaya. Tun daga nan gidan ya zama na waɗanda aka gaji da su. Suka tsufa tare da shi, gudunsu ya koma sassarfa, sassarfa ta koma tafiya. Da ma haka aka ƙare, da an huta.

Sai ga Guguwa. Shi ne auta a haihuwar ƙarshe, jikan jikan Toka, kuma wanda ya saye shi ya daure fiye da saura kafin ya sallama. Ya dawo da ƙarfinsa cif, faffaɗan ƙirji, baƙi da fari, ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya. Mai-Ƙanƙara ya kakkaɓe tsohon kekensa. Kowace safiya ya taɓa kwalta da bayan hannu ya ji ko ta yi sanyin da ƙafar kare za ta ɗauka, ya ɗaura wa Guguwa ɗamarar ƙirji, ya haɗa igiya da keke, su nufi filin da ke bayan layin dogo. Kai, ka ga tsoho da furfura yana keta iska, riga na kaɗawa, masu shara suna ihu suna ba shi hanya! A gaskiya yana jin daɗin abin, ko da yake in ya dawo sai ya daɗe a zaune kafin numfashinsa ya daidaita.

"Maigida, shekarunka fa," matar takan ce.

"Shekaruna me suka yi miki?"

Wata kyanwa ce ta ba da amsa. Ta gilma a gabansu daidai kwanar gidan mai, Guguwa ya karkata, keke ya bi shi, tsoho ya bi keke. Ƙoƙon gwiwa ya fashe. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe, likitan ƙashi ya ce tafiya da sanda in Allah ya yarda, amma keke kam sai dai kallo.

Tsofaffin karnukan ba su damu ba, su dai a bar su gaban fanka. Guguwa ne ya shiga uku. Ɗan Mai-Ƙanƙara ya zo duba uban, aka yi masa zancen, ya ce aiki ya yi masa yawa. 'Yar ta ce mijinta ba ya son ko warinsu. Matar, baiwar Allah, duk da mitarta, ta ɗaura ɗamara wata safiya ta ce bari ta zagaya da Guguwa. Ya ja ta har gidan mai, ta dawo da takalmi ɗaya, ta rantse ba ta ƙarawa.

Daga kan kujerar roba a bakin ƙofar baya, ƙafa a miƙe kan bokiti, Mai-Ƙanƙara ya yi ta kallon abin da ke faruwa. Guguwa ya bi gindin katanga, ya je ya dawo, ya je ya dawo, har ƙasa ta yi hanya. Ya haƙa ramuka. Ya yi kuka har maƙwabcin da bai taɓa magana ba ya aiko. Daga baya kukan ma ya daina, wanda ya fi komai tayar wa tsohon hankali. Sai ya kwanta ya kama lasar ƙafarsa ta gaba, lasa ba tsayawa, har gashi ya tafi, fata ta buɗe ta yi ja. Aka wanke, aka shafa magani, aka sa masa kwalar roba mai kama da mazurari. Ana cirewa ya koma. Abinci kuwa sai ya shinshina ya kau da kai, ƙasusuwan haƙarƙari suka fara bayyana ta cikin duk wannan gashi.

Likitan dabbobi ya zo har gida. Sun daɗe tare, ba ya yi masa kwana-kwana. Ya duba ciwon, ya auna zafin jiki, ya mayar da kayansa jaka.

"Baba, ba ni da allurar wannan. Ka fi ni sanin abin da ke damunsa."

"A canza maganin shafawar."

"Ko na canza. Kare ne mai gudu, an hana shi gudu. In aka ci gaba a haka ciwon zai ci har ƙashi." Ya ɗauki jakarsa. "Akwai wata malamar motsa jiki a makarantar 'yan mata, kullum da safe tana gudu a filin bayan layin dogo. Ta san shi, ta sha ganinku. Ta tambaye ni ina tsohon nan mai keke ya shiga. Tana da fili a gidanta."

"Ni ake kawo wa," in ji Mai-Ƙanƙara. "Ni ba na kai wa kowa."

Likita bai ja ba, ya yi sallama. Matar ce ta fito tana goge hannu, ta tsaya a kansa. Ya ɗauka mita za ta yi, ya shirya. Sai ta yi magana a hankali.

"Maigida, ka gaji. Ni ma na gaji. Ba zagi ba ne. Dubi ƙafarsa, dubi taka."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Duk tsawon rayuwarsa kalmar nan ta wasu ce, ta masu manyan motoci da ke kawar da ido in suna miƙa igiya. Da la'asar ya dogara sanda ya je ya tsuguna, iyakar yadda gwiwa ta bari, ya miƙa wa Guguwa nama a tafin hannu. Karen ya lasa masa yatsu don ladabi, ya bar naman, ya mayar da baki kan ciwonsa. Mai-Ƙanƙara ya kira matar ta ɗaga shi, don ya kasa tashi da kansa. Yana tsaye ya ce ta kira likita ya turo malamar nan.

Malamar ta zo da safe cikin kayan gudu, doguwa, ba ta da yawan magana. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta gaida matar. Tsoho ya tsare ta da tambayoyi kamar mai neman laifi. Katangarta ta kai ina? Akwai inuwa? In aka ɗauke wuta fa? In ta yi tafiya wa zai fita da shi?

"Ƙanena, Baba. Tare muke gudu."

"Kada a aske shi."

"Ba za a aske shi ba."

"Kada ki sake shi ba igiya, ko ya yi miki ladabin duniya. In ya ga hanya ba ya waiwaye."

"To, Baba."

Ya nuna mata yadda ake taje gashin ciki, da yadda ake wanke ciwon, da yadda ake taɓa kwalta. Ya ba ta katin rigakafi da sauran maganin. Ya ɗaura wa Guguwa ɗamarar ƙirji da hannunsa. Karen na jin ɗamara a jikinsa ya miƙe tsaye, kunnuwa sama, jela ta nannaɗe, ya saki wani kuka da aka kwana biyu ba a ji ba. Har tsofaffin da ke gaban fanka suka amsa.

Suka fito ƙofar gida. Mai-Ƙanƙara ya miƙa igiya, bakinsa ya kama hanyar da ya saba.

"In kin gaji, ki dawo..."

Sai ya tsaya. Ya dubi sandar da ke hannunsa, ya dubi keken da ke jingine a zaure, taya a lanƙwashe. Ta dawo da shi wurin wa? Malamar na tsaye tana jira, Guguwa na ja, igiya ta miƙe tsam. Tsohon ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, don Allah kada ki gaji."

Ta ce in Allah ya yarda, ko wani abu mai kama da haka, bai ji sosai ba, don karen ya riga ya fizge ta. Suka bi layin a guje, ita da dogayen ƙafafunta, shi yana ɗan ɗingisa ƙafar mai ciwo amma ko a jikinsa. Mai-Ƙanƙara ya san irinsu sarai, shi ya gama faɗa da bakinsa cewa ba sa waiwaye. Duk da haka ya tsaya yana kallo har suka sha kwanar gidan mai, ko da za a yi sa'a.

Matar ta bar shi ya gama kallonsa. Can ta fito da kujerar roba da matajin ƙarfe, ta ajiye masa a inuwa.

"Zauna kafin ka faɗi," ta ce. "Sauran na ciki suna jira, gashi ya cika mini kicin."