Alƙalin Halliru da Wankakkun Kuɗi

Idan ka shiga kasuwar Illela ta wajen masu albasa ka tambayi shagon Halliru, kallonka kawai za a yi. Ce musu Kwance-Kwance kake nema. Nan take za a nuna maka wani ɗan lungu bayan rumfar 'yan canji, a haɗa maka da dariya kyauta, don mutanen garin nan ba sa nuna hanya sai sun ɗan taɓa wanda ake nema.

Sunan tun daga ƙauyensu Gidan Katta ya biyo shi. Yana ɗan shekara tara ya kwance rediyon mahaifinsa don ya ga masu magana a ciki. Bai ga kowa ba, ya mayar, sukurori uku suka yi saura a hannunsa, rediyon kuma ya ci gaba da surutunsa. Duka kam ya sha shi. Amma daga ranar ya ƙudurta a ransa cewa duk abin da aka ƙera a duniya akwai sukurori uku na banza a jikinsa, kuma shi Allah ya ɗora wa nemo su.

Ya shigo Illela yana ɗan ashirin, ya koyi gyaran rediyo da tocila, daga baya ya haɗa da cajar waya. Da wannan yake ciyar da matarsa Zuwaira da 'ya'ya huɗu, Ummi ce babbarsu. Sai dai zuciyarsa tana wani wuri. Garin bakin iyaka ne, naira na shiga, sefa na fita, kuma kowane ɗan kasuwa ciwon kansa biyu ne: ina zai ɓoye kuɗinsa, kuma ta yaya zai san na kirki aka ba shi. Halliru ya ce shi zai warkar da duka biyun.

Ya ƙera wa wani dillalin shanu akwatin ƙarfe wanda ya rantse ɓarawo ba zai buɗe ba. Bai yi kaffara ba. Ɓarawo bai buɗe ba, dillalin bai buɗe ba, shi kansa Halliru da aka kira ya yini yana gumi bai buɗe ba, sai mai walda ne ya raba gardama. Ya ɗinka lalitar ɗaurawa a ƙugu mai ɗan ƙaramin ham irin na mota a ciki, wai da an taɓa ta yi kuka. Mai ita ya sunkuya ruku'u a sallar La'asar ta kama ihu, sahu biyu suka watse. Ya rarake wa wani ɗan kasuwa cikin tsohon batirin mota ya mayar da shi ma'ajiya, wannan kam ta yi aiki wata shida cur, har ranar da matar gidan ta gaji da ganin tarkace ta sayar wa ɗan gwangwan. Kuɗin na ciki, aka bi ɗan gwangwan ɗin a guje har hanyar Tozai.

Shekara ashirin da shida ana masa dariya. Shi ma yana tayawa, don mutum ne mai sakin fuska, amma abin na ci masa rai ƙwarai. Zuwaira kaɗai ta san haka.

Wata rana aka kawo masa gyaran fitilar kashe sauro, irin mai haske shuɗi kamar an jiƙa shuni. Ya tura ƙofar shago don ya ga ko ta kama, sai ya lura da abin mamaki. Takardar rasit da ke kan teburinsa ta ɗauki haske tana walƙiya, naira ɗari biyar da ke gefenta kuwa ta yi shiru abinta, sai 'yan zare-zare da suka fito a jikinta. Ya ruga rumfar 'yan canji ya aro jabun sefa da aka taɓa kamawa aka maƙale a bango. Yana sa ta ƙarƙashin fitilar ta haska kamar rasit ɗin. Kai! Ranar Halliru ko abincin rana bai nema ba.

Cikin mako guda ya haɗa ɗan akwatin kwano mai baƙin fenti a ciki, da ƙwan fitilar, da batirin babur, da 'yar taga ta leƙawa. Kuɗin kirki su yi duhu, jabu ya haska. Ba wuya, ko wanda bai taɓa zama aji ba zai karanta. 'Yan kasuwa suka laƙaba masa suna Alƙali. Da gardama ta tashi sai ka ji an ce, "A kai ma Alƙali!" Wata uku Alƙali na yanke hukunci a rumfar 'yan canji ba wanda ya ɗaukaka ƙara. Har wasu suka fara kiran mai shi Malam Halliru, sunan da rabonsa da ji tun ranar ɗaurin aurensa.

Sai Alhaji Sharafuddeen, shugaban 'yan canji, ya kira shi. Alhaji mutum ne mai tsare gida, kullum cikin farar shadda kamar zai je suna. Ya ce ƙungiya na son guda talatin, na Illela da na abokan hulɗarsu na Kwanni da ke tsallaken iyaka, ranar Lahadi za a tara kowa a gwada a gaban jama'a, a ƙulla magana. Halliru bai tsaya jiran kuɗin kafin alƙalami ba. Ya sayar da babur ɗinsa, ya je Sakkwato ya kwaso ƙwayayen fitila da kwano da batura, ya cika shago har ba wurin sa ƙafa.

Lahadi ta zo, kasuwa ta cika ta batse. An ɗora Alƙali kan tebur a tsakiyar rumfa, baƙin Kwanni na leƙe suna jinjina kai, Halliru na tsaye a gefe cikin rigar Sallarsa, baki har kunne. Ana cikin haka sai ga Inna Tasalla ta kutso da ƙullin zani a hammata.

Inna Tasalla mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce daga ƙauyen Araba, ƙawar marigayiya Saudatu, mahaifiyar Halliru. Rabin masu sayen manta 'yan Nijar ne, sefa suke ba ta. Shekara biyu tana tara ta a tukunya don ta sayi injin markaɗe, ta huta da bin layi a gidan mutane. Ta kwance ƙullin a gaban Alhaji don a canja mata zuwa naira. Kuɗi ne 'yan jaka biyar-biyar da goma-goma, yadda mutanen Kwanni ke kiran dubu, a jere lafiya lau, sumul, ba ko lanƙwasa.

Alhaji ya ce, "Madalla, ga abin gwaji ya kawo kanshi." Ya zari ɗaya ya tura cikin Alƙali.

Ta haska. Ya tura ta biyu, ta haska. Ya tura goma a haɗe, akwatin ya cika da haske kamar an kunna tocila a cikin tulu. Rumfa ta ɓarke da salati.

To dokar rumfar nan kowa ya san ta: duk jabun da aka kama, a gaban mai shi ake ƙona shi, don kada ya sake zagayowa kasuwa. Tuni wani ya jawo kaskon garwashin mai shayi.

"Jabu mi?" in ji Inna Tasalla. "Ni? Alhaji, ka ji tsoron Allah! Shekara talatin ina tuya cikin garin ga, wa nit taɓa cuta?"

"Inna, ba mu ce ke kinka buga su ba," in ji Alhaji. "Cutar ki anka yi. Amma doka doka ce."

Halliru ya matso gaban teburin. Ya ɗauki takarda ɗaya ya murza. Jikinta na kirki ne. Ya kai hanci, maimakon ƙaurin man gyaɗa da kowa ya san kuɗin Inna da shi, sai ya ji ƙamshin wanki. Daidai lokacin Alhaji ya sake miƙa hannu cikin akwatin, bakin hannun farar rigarsa ya shiga ƙarƙashin fitilar, ya haska fes, irin hasken kuɗin ba bambanci.

Halliru ya matsa kusa da tsohuwar ya yi ƙasa da murya. "Inna, mi kinka yi ma kuɗɗin ga?"

"Mi zan yi musu? Wanke su niy yi! Duk sun sha mai sun yi baƙi. In kawo ma babban mutum kuɗɗi da maiƙo, a ce ɗiyar wa ce ƙazama? Na jiƙa su da omo, na shanya, na bi su da dutsen guga ɗaya-ɗaya."

Shi ke nan, ya gane. Abin da ke cikin omo mai sa farin kaya ƙyalli shi ya kama takardun. Kuɗin Inna lafiyarsu ƙalau. Alƙali ne bai san bambancin jabu da wankakke ba.

Ya duba hagu ya duba dama. Hayaniya ta hana kowa jin abin da ta ce. Idan ya ja bakinsa ya yi shiru, baƙin Kwanni sun ga aiki da idonsu, talatin ɗin nan sun tabbata, wataƙila ma su zama sittin. Kuma kada a yi masa ƙarya don a gyara shi: ya so ya yi shirun. Ya so ƙwarai. Ya tuna kwanon da ke jibge a shago, ya tuna Malam Halliru da aka fara ce masa. Sai ya ga Inna ta dafa tebur da hannu biyu, yatsunta duk tabon ƙunar mai, tana kallon garwashin.

"Dakata!" Halliru ne ya ɗaga murya. "Alhaji, ranka shi daɗe, ara mani dubu guda daga aljihunka."

Alhaji ya harare shi, amma ya zaro sabuwa dal. Halliru ya sa ta cikin Alƙali, ta yi duhu, kowa ya shaida ta kirki ce. Ya karɓo kwanon wanke kofuna na mai shayi, ya barbaɗa omo, ya tsoma dubun Alhaji ya cuɗa ta kamar hular yaro.

"Kai Kwance-Kwance, ka haukace?" in ji Alhaji.

"Saura kaɗan, ranka shi daɗe."

Ya ɗauraye ta, ya shimfiɗa kan murfin tukunyar shayi, kafin a ce haka ta bushe. Ya mayar cikin akwati, ya ja da baya. "Bisimilla, a leƙa."

Alhaji ya leƙa. Baƙin Kwanni suka leƙa. Dubun nan tana walƙiya kamar ta fi kowa laifi.

Halliru ya ce, "To jama'a, ɗayan biyu ne. Ko dai shugaban 'yan canji na yawo da jabu cikin aljihu, ko Alƙalina ya shara ƙarya. Kuɗɗin Inna wanke su tay yi. Ku duba su yadda kunka saba."

Dariyar da aka yi a rumfar nan har masu raƙuma sun jiyo. Wani ɗan Kwanni ya riƙe ciki yana cewa a garinsu ma mata na wanke riga da kuɗi a aljihu, ashe da sun ƙone rabin gari. Tsofaffin 'yan canji uku suka zauna, suka bi kuɗin Inna ɗaya bayan ɗaya, a ɗaga wa rana a ga hoton nan na ɓoye a jikin takarda, a shafa, a kaɗa kusa da kunne. Ko ɗaya ba ta faɗi ba. Aka ƙirga mata nairarta cif.

Maganar guda talatin kuwa a nan ta mutu. Alhaji bai ma yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Sai ka gyara, mu gani," da irin muryar da kowa ya san ba za a gani ba.

Abin da ya fi ban haushi shi ne Inna Tasalla. Ta ɗaure ƙullinta tam, ta yi wa Alhaji godiya har da durƙusawa, sannan ta juyo kan Halliru da yatsa. "Kai kuma, ɗan Saudatu, ka girma hakanan. Ka bar ƙera abin da ka yi ma mutane ƙazafi. Don Allah dubi abin da kas so ja mani!" Ta tafi tana faɗa wa duk wanda ta gamu da shi cewa akwatin Kwance-Kwance ya so cinye mata injin markaɗe, Allah ya sa Alhaji na wurin. Har yau haka take ba da labarin, shi kuwa bai taɓa gyara mata ba.

Da La'asar sakaliya ya saɓa Alƙali a kafaɗa ya kama hanyar gida a ƙasa. Masu albasa na kiran "Kwance-Kwance, ina shari'a?" yana ɗaga musu hannu yana dariya. Sai da ya sha kwanar unguwarsu dariyar ta ƙare, ya tsaya jikin wani bango ya share ido da hannun rigar Sallarsa.

Zuwaira na tsakar gida tana kwashe tuwo. Labari ya riga shi isowa, amma ba ta nuna ba. Ta dubi akwatin, ta dubi ƙurar da ke ƙafarsa.

"Baban Ummi, kuɗɗin tsohuwar sun ƙone?"

"A'a."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"To mi yaƙ ƙone?"

Ya sauke Alƙali a gindin bango, ya yi ajiyar zuciya. "Babur ɗina, Zuwaira. Da sunana."

Ta ajiye mara, ta ɗauko buta da kanta, ta durƙusa a gabansa ta fara zuba masa ruwa a hannu.

"Babur dai," ta ce. "Wanke hannu, Malam Halliru, tuwo na hucewa."