Malam Habu, Mai Riƙe Mini Bakin Buhu

Ina zaune ƙofar gida ina wasa basilla, kwana tara kafin a buɗe sayen gyaɗa, sai direban kamiyon da ke zuwa ƙauyen Dungu ya tsaya bai kashe mota ba. Ya ce, "Idi, sai haƙuri. Malam Habu ya cika da hantsi." Na yi salati, na ajiye basillar.

Shi ne babbanmu, mu maɗinkan buhu a rumfar awo ta Matameye. Da ƙuruciya ya yi aikin kamfani a Kano, can ya tsinci Ingilishi. In mun huta sai ya riƙa ba mu labarin yadda Turawa ke wahalar da kalmar hannu. Taimako hannu, rubutun mutum hannu, tsinken agogo ma hannu. Mu yi ta dariya. Ɗaya ce ba ya faɗa da fara'a. Ya ce, "Lebura ma haka suke ce masa. Hannu ashirin, ba mutum ashirin ba. Ni kuwa sai na kira kowa da sunan da ubansa ya raɗa masa."

Shekara shida ke nan tarin buhuna ya rufto mini, hannuna na hagu ya shanye. Ɗinkin buhu kuwa da hagu ake tattare baki, dama ta soka. Akawu ya ce a sallame ni, ga 'ya'ya biyar a gida. Malam bai yi gardama ba. Ya naɗe riga ya tsuguna gabana, ya ce, "Soka, na riƙe."

Kaka shida yana tsugunnen nan cikin rana, da furfurarsa da tarinsa. Bara bakin buhu ya kuɓuce masa sau biyu, gyaɗa ta zube, na daka masa tsawa gaban mutane. Ya ce, "Yi haƙuri, Idi, yatsun ne suka tsufa." Na ce gobe zan ba shi haƙuri. Goben ta yi ta wucewa har aka tashi daga awo ya koma ƙauye.

Na gaji ƙwarai. Ban san wanda zai tsuguna mini bana ba, ban kuma faɗa wa mai ɗakina rasuwar ba tukuna.

Allah ya jiƙan Malam Habu, ya yalwata masa kabari. Ya rufa wa matarsa Inna Hajo da 'ya'yanta asiri. Ya kuma isar masa da haƙurin da ban ba shi ba. Amin.