Rakiyar Baffa a Bakin Tekun Mamzar

Ranar da likita ya duba sakamakon gwajin jinina ya ce sukari ya fara leƙowa, mahaifina na tuna. Yana da shekaru kamar nawa ciwon ya kama shi, ya fara da ƙafa, ya bi da ido, har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa ga tumbi, ga aikin injiniya na zama a ofis, ga shayi mai kauri safe da yamma. Na fito daga asibitin ina jin haushin kowa, har da mai gadin da ya yi mini a sauka lafiya.

Da tafiyar ƙasa na fara. Daga baya na sayi keke ina bin hanyar Gwarzo bayan sallar asuba, 'yan adaidaita sahu suna danna mini hon suna tambaya ko motar Alhaji ce ta lalace. Iyo ne ya zo a ƙarshe, kuma shi ya fi ba ni kunya. Bakano ne ni, iyakar sanina da ruwa bokiti da buta. A kwamin wanka na wani otal aka koya mini, ina riƙe da bakin siminti ina harba ƙafa da furfurata. Ana nan sai wani abokin hawan kekena ya ba ni labarin wata gasa da ake yi a Dubai ta waɗanda ba sana'arsu ba ce wasa: a yi iyo a teku, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu, duk a jere ba hutu. Tirayatalon suke ce mata. Ya faɗa ne da tsokana, ni kuma ba a tsokanata in ƙyale, sai na sa sunana.

Ban je neman na ɗaya ba, ban haukace ba. Abu guda nake so, in ƙarasa da ƙafafuna kafin a rufe hanya, don akwai lokacin da aka yanka, wanda bai kai ba mota ce take kwashe shi. Na ƙulla a raina cewa in na ƙarasa, to ciwon nan bai yi mini kamun da ya yi wa mahaifina ba. Likita bai ce haka ba, hankali ma bai ce ba, amma haka na ƙulla, kuma ina jin tsoron motar nan har cikin ƙashina.

A Dubai akwai Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya daɗe a Deira yana harkar tura kaya Kano. In je garin in sauka a otal yana raye, abin da za a yi ta faɗa ne a dangi har jikoki. Da aka ji zan tafi sai saƙo ya fara sauka a gidana. Babban akwatin da na sa keken a ciki yana da sarari ta gefe-gefe, matar Baffa da ke Kano ta leƙa ta gani, shi ke nan. Kuka, daddawa, yaji, kilishi, duk aka cusa tsakanin tayoyi. Da na buɗe akwatin a gidan Baffa da ke unguwar Hor Al Anz, keken da na lallaɓa kamar ƙwai yana ƙamshin miyar kuka.

Gidan bene ne, Baffa yana zaune da wasu 'yan kasuwa 'yan uwanmu, kowa da katifarsa, tukunya ɗaya. Suka zagaye ni ina haɗa keken suna ba da shawara, alhali rabon kowannensu da keke tun na zuwa Islamiyya. Baffa ya ɗaga rigar gasar da yatsu biyu, ya juya ta, ya tambaya ko ta 'yata ce aka haɗo cikin kuskure. Na ce tawa ce, kuma ai ta rufe gwiwa. Ya ajiye ta a hankali.

"Wato ka hau jirgi tun daga Kano don ka zo ka wahala," ya ce. "Ta can ta ƙare ne?"

Aka yi ta dariya, ni ma na yi, ko da yake ta ciki na ciki. Na zauna na yi masa bayanin dokar gasar dalla-dalla, cewa da zarar an busa usur ba mai taimakon wani daga waje. Ba a miƙa maka abu, ba a riƙe maka keke, ba a bin ka a gefe ana gudu tare da kai. Wanda aka yi wa haka a cire shi, ko da ya ƙarasa bai ƙarasa ba. Baffa ya yi ta gyaɗa kai irin na manya in ba sa sauraro. Na ce ya yi zamansa a gida ya huta, in na gama zan kira. Ya ce tun da yake bai taɓa barin baƙonsa ya fita shi kaɗai ba, ba kuma a kan ɗan yayansa zai fara ba.

Saboda haka da asubar ranar, bayan mun idar da salla, duk gidan aka ɗunguma cikin motar ɗaukar kayan wani abokinsu, ni da keke a baya tsakanin kwalaye, su a gaba da filas ɗin shayi. Mamzar, inda za a yi gasar, ba nisa daga Hor Al Anz. Muka tarar bakin tekun ya cika da mutane iri-iri, Turawa da Larabawa da Indiyawa, kowa siriri kamar ba ya cin tuwo. Aka rubuta mini lamba a dantse, aka ɗaura mini wani ɗan abu a idon sawu mai lissafa lokaci. Ni kaɗai ne na zo da 'yan rakiya masu kaftani da hula.

Ba wanda ya gaya mini gishirin teku haka yake. Kurɓar farko na ji kamar an ɗura mini kanwa. Kafin in farfaɗo wani ya harbe ni a fuska da diddige, tabaran ruwana ya karkace, bai ko waiwayo ba. Raina ya ɓaci, na bi shi da niyyar in kamo shi in ji dalili, kuma wallahi haushin nan ne ya fitar da ni daga ruwan. Ban kamo shi ba. Na fito cikin na ƙarshe-ƙarshe ina tangaɗi, na nufi inda aka jera kekuna.

Ina kokawa da takalmi sai na ji murya daga bayan shinge tana yi mini sannu, ya ruwan, ya gajiya. Baffa ne. Agogo yana tafiya, mutane suna fizgar kekunansu suna wucewa, ni kuwa sai ga ni na rusuna da takalmi ɗaya a ƙafa ina amsa lafiya lau, alhamdu lillahi. Jiki ne ya yi abinsa ban sa shi ba. Wani daga cikin 'yan gidan ya yi mini tsawa da Larabci in yi sauri, "Yalla, yalla, Injiniya!" sannan na dawo hayyacina na kifa hular kwano.

Keken ne ya yi mini daɗi. Titi sumul, an rufe shi dominmu, ba rami, ba akuya, ba mai fitowa daga lungu ba tare da ya duba ba. Na daɗe ina zuba ido ina neman ramin da zan kauce wa kafin na yarda babu. Wanda ya koyi keke a hanyar Gwarzo, wannan hutu ne. Na wuce mutane da dama, har da wani da nake kyautata zaton shi ne mai diddigen, na kuwa dube shi da kyau ina wucewa.

A gudu ne abin ya kwaɓe. Rana ta ɗaga, iskar teku ta yi nauyi kamar tururin tukunya, ban yi nisa ba jijiyar cinyata ta ɗaure. In yi gudu kaɗan, in taka kaɗan, in ja ƙafa. Duk waɗanda na wuce a keke suka zo suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, wasu har da ɗaga mini babban yatsa, abin da ya ƙara ƙona mini rai. An ce sannu ba ta hana zuwa, amma mai maganar bai san gasar da ake rufe hanya ba. Da na waiwaya sai na ga wata alƙaliyar gasa, 'yar Filifin, tana bina a kan keke a hankali, can bayanta kuma ga motar kwasar waɗanda suka gaza. Ni ne na ƙarshe. Na ji tsoro sosai.

Sai na ji numfashi a gefena. Baffa ne, ya tsallako shinge, ya naɗe kaftani, takalmansa a hannu, yana sassarfa ƙafa ba takalmi a kan kwalta. Dattijo mai jikoki. Bai dube ni ba, ya ce mu je kawai. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, ƙafar ma kamar ta saki.

Ba mu yi nisa ba alƙaliyar ta matso, ta ce mini da Turanci, cikin ladabi, wannan mutumin ya koma bayan shinge, in ba haka ba dole ta rubuta lambata ta cire ni. Ta zaro wani kati daga aljihu ta riƙe. Na gaya wa Baffa an hana. Ya ce wa ya hana, hanya ai ta gwamnati ce. Na ce doka ce, na yi muku bayani a gida. Ya ce shi ba taimakona yake ba, ko taɓa ni bai yi ba, rakiya yake yi. Ya juya ya ce wa matar, "Madam, shwayya shwayya," wato a yi a hankali, ya ci gaba da sassarfarsa.

Haushi ya turnuƙe ni, nata da nasa da nawa. Shekara biyu ina tashi da asuba, na sha ruwan kwami na sha na teku, a ce a cire ni saboda ƙauna. Amma ta yaya zan buɗe baki in kori ƙanin mahaifina a titi, a gaban baƙi? Ko a mafarki ban taɓa ɗaga masa murya ba. Matar ta dubi agogonta, ta dube ni. Na ga ita ma ba ta so, amma aikinta ne.

Ina cikin wannan sai na gane kuskurena. Doka nake ta karanta masa, alhali shi ba a kan doka yake tafiya ba. A gidanmu mai rakiya ba ya tsayawa don kansa. Zai bi ka ƙofar gida, ya bi ka bakin layi, ya bi ka har tasha, don in ya juya da kansa kamar ya gaji da kai ne. Baƙo ne yake tsayawa ya sallame shi. Ni kuwa tun da ya biyo ni ban sallame shi ba, gardama kawai nake yi ina tafiya.

Na tsaya cak, agogo yana ci, mota tana matsowa. Na juya na fuskance shi, na rusuna iyakar yadda cinyar ta bari, na kama hannunsa da hannu biyu.

"Baffa, rakiyar ta isa haka. Ku koma daga nan. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Nan take ya tsaya, yana haki. "To, madalla," ya ce. "Allah ya kiyaye hanya. Ka sauka lafiya."

Alƙaliyar ta dube mu, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta mayar da katinta aljihu.

Sauran hanyar ni kaɗai na yi ta, kuma ba zan ce gudu ne ba, wani abu ne tsakanin gudu da ɗingishi. Da na hango ƙofar ƙarshe har an fara naɗe tutoci. Mai lasifika ya karanto sunana ya karya shi gida uku, ban damu ba. 'Yan gidan Baffa suna bakin shinge suna ihu suna kaɗa filas, alƙaliyar tana bayana tana ta buga ƙararrawar kekenta. Na taka layin da ƙafafuna, ba a rufe ba. Aka rataya mini lambar ƙarfe a wuya, wani ya rungume ni yana cewa khalas, khalas, wato an gama, ni kuwa dariya kawai nake yi kamar wawa.

Da numfashina ya dawo na duba ban ga Baffa ba. Na koma da baya ina jan ƙafa, na same shi a daidai inda na sallame shi, zaune a gefen titi, yana zuba wa tafin ƙafarsa ruwa, kwalta ta ƙona shi. Halina ya motsa, na fara faɗa cikin ladabi, da shekarunku, ba takalmi, in da kun faɗi fa me zan gaya wa mutanen gida. Ya bar ni na gama tas. Ya kama lambar da ke wuyana ya juya ta, ya sake ta.

"Mahaifinka yana kamar kai, daga gida zuwa masallaci ni nake riƙe shi," ya ce. "Kullum ina jira ya ce mini in koma haka, ya isa. Har ya rasu bai samu ikon faɗa ba. Kai ka faɗa, kuma na tsaya ina kallo ka tafi."

Na zauna kusa da shi a kan simintin nan mai zafi na yi kuka, ban ɓoye ba, masu kwashe shinge suna wucewa suna kallonmu. Da ya ga abin zai yi tsawo sai ya miƙo mini hannu ya ce in ɗaga shi, ƙafafun nan yau ba nasa ba ne. Nawa ma ba nawa ba ne. Haka muka lallaɓa zuwa mota muna ɗingishi, takalmansa a hannuna.